Baba Yana Gindin Raga

Idan ƙwallo ta tafi can ɗaya gefen fili, duk mutanen da ke rumfar 'yan kallo ta Gefen Jirgi sai su miƙa wuya su bi ta da ido. Mutum ɗaya ce ba ta ɗaga kai, ita ce mahaifiyata, Elsie Birtwistle. Ita idonta yana kan ƙarfen hagu na ragar da ke gabanta, don a gindinsa aka sa tokar Baba.

Haka ake yi a Mossbeck tun kafin a haife ni. Mutum ya mutu, a ƙone gawar, a ba iyalinsa toka a ɗan tulu. In masoyin ƙungiya ne na gaske, sai a je filin Fold da safiyar Lahadi, a ɗaga ciyawa kamar ana ɗaga tabarma, a tona rami, a juye, a mayar da ciyawar. Ba a barbaɗawa a sama, wai toka tana kashe ciyawa. Yayana Des yakan ce rabin garin nan yana kwance a kan layin ragar, amma har yau babu wanda ya taɓa tashi ya tare mana ƙwallo ko guda.

Abin dariyar shi ne, lokacin da Baba yake raye Mama ko ƙofar filin ba ta taɓa tsallakawa ba. Cewa take yi filin nan duk Asabar sai ya ɗauke mata miji lafiyayye ya dawo mata da shi murya a dishe yana warin giya. Amma da Norman ɗinta ya shiga gindin ragar, a makon nan ta je ta yanki tikitin shekara. Har ta tsufa ba ta san abin da ake kira satar fage ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Zuwa take yi da fulas ɗinta da bargo, ta zauna a layi na biyu, bakinta yana motsi a hankali. Tana ba shi labarin tsadar gawayi, da rabuwar Des da matarsa, da wanda ya mutu a layinmu. Akwai ranar da golan wata baƙuwar ƙungiya ya tofa yawu a gindin ƙarfen, wallahi sai ga Mama a tsaye tana wanke shi tas, har da uwarsa da ba ta koya masa tarbiyya ba. Yaron ya juyo yana kallonta, bai san laifin da ya yi ba. Ni ina ƙarƙashin rumfar ina sayar da shayi da burodi mai nama, sai wani ya leƙo ya ce, Glenys, je ki kama tsohuwarki kafin alƙalin wasa ya ba ta jan kati.

Gidanmu yana bayan rumfar ne, bangonta yana tare mana rana har kusan tsakar rana. Duk abin da aka yi a Fold a cikin kicin ɗinmu ake yin sa. Tseren karnuka na ranar Alhamis, da damben da aka yi a tsakiyar fili ruwa yana zuba har ɗan damben ya zame ya faɗi kafin a taɓa shi, da zari-rugar da 'yan garin maƙwabta suka zo suka buga shekarar da ruwa ya cinye filinsu, da wasan mata da ya tara mutanen da mazanmu ba su taɓa tarawa ba. Duka mun ji su ta bango, kofunan Mama suna rawa a kan kantar kicin.

Wanda Mama ba ta taɓa yafewa ba shi ne tseren babura. 'Yan shekaru ne bayan rasuwar Baba, ƙungiya ta shiga matsi, sai ta ba wasu mutane hayar filin a hutun ƙarshen kakar wasa. Tifofi suka yi ta shigowa ta layinmu da jar ƙasa, aka jibge ta a kan fili tsauni-tsauni, samari suka yi ta tashi sama a kan babura. Mama ta je ofis ta yi musu tijara, aka rantse mata cewa an shimfiɗa leda da katako a kan ciyawar, ko ƙura ba za ta taɓa Norman ba. Da aka gama, tifofin suka dawo kwashewa. Kai, wannan kwasa ta daɗe. An fi daɗewa ana fita da ƙasar a kan yadda aka shigo da ita, ga ruwan sama, ga taɓo yana zuba daga bayan motocin har bakin ƙofofinmu.

A layinmu kuwa mace da dandamalin ƙofarta ake auna ta. Kowace safiya sai ki ga mata a durƙushe da bokiti da buroshi, kowa tana goge nata tana satar kallon na maƙwabciya. Na Mama ya fi na kowa haske, kuma ta sani. To sai ga tifofi. Ta wanke da safe, kafin rana ta yi tsaka ya koma kamar gona. Ta share taɓon ta tura shi magudanar da ke bakin ƙofa, ta bi shi da ruwan zafi da sabulu, tana zagin direbobi ɗaya bayan ɗaya. Har tana cewa ba su bar ta da jar ƙasa ba, yanzu kuma sun koma zubo mata baƙa mai danƙo wadda ba ta fita. Mun daɗe muna tsokanarta da yaƙin da ta yi da tifofi. Da kaka ta dawo aka buɗe fili, ciyawa kore shar fiye da da, Mama ta koma kujerarta ta ci gaba da hirarta.

Haka muka yi ta tafiya har gashina ya fara fari. Ƙungiya tana faɗuwa daga wannan rukuni zuwa wancan, rufin rumfa yana yoyo, masaƙar da Baba ya yi wa aiki ta zama kango. Sai wata rana aka ce an sayar da Fold. Za a rushe a gina katafaren kanti da wurin ajiye motoci, ƙungiya kuma ta koma sabon fili can bakin babban titi, inda sai mutum ya hau mota biyu.

Lokacin Mama ta riga ta fara ciwon. Huhu ne, kuma likita bai ɓoye mana ba. Ita ma ba ta tambayi magani ba, abu ɗaya ta tambaya. Tun ranar da aka sa Baba ta gaya mana cewa in nata ya zo a ɗaga ciyawar nan a juye ta a kansa, su cakuɗe, kowa ya huta. Yanzu ga katafila tana zuwa. Ta kama hannuna a kan gado ta ce ita ba za ta yarda a bar Norman a ƙarƙashin kwalta mutane suna tura keken sayayya a kansa ba, kuma ita ba za ta kwanta ko'ina ba sai inda yake. Na ce ta kwantar da hankalinta. Ni kaina hankalina ba a kwance yake ba.

Ba mu kaɗai ba ne, don haka mutane suka tayar da ƙura har ƙungiya ta ba da sanarwa. Washegarin wasan ƙarshe za a buɗe ƙofa, duk mai wani a fili ya zo ya tona ya ɗebi ƙasar wurin. Wanda ya ga dama ya kai sabon fili, an ware wani lambu, wanda ya ga dama ya tafi da ita gida. Mama ta ce gida. Ta sa na sauko da babban gwangwanin biskit da take ajiye zare da allura, ta juye kayan, ta wanke shi da kanta, ta shimfiɗa tsohuwar mafilar da Baba yake naɗawa a wuya mai launin ƙungiya a ciki. Ta ce Baba zai zauna a ciki a kan kantar kicin ya jira ta, ai ba zai daɗe yana jira ba, daga nan mu haɗa su mu kai duk inda muka ga dama.

Wasan ƙarshe an ci mu biyu da nema, don ko a ranar bankwana yaranmu ba su iya ba mu mamaki ba. Alƙali yana hura usur mutane suka ɓalle cikin fili. Manya-manyan maza suna kuka suna yankar ciyawa da wuƙar aljihu, wasu suna ɓalle kujeru, wani na gani ya rungumi allon banɗakin maza zai kai gida. Mama ta hango su suna nufar raga sai ta fara dukan hannun kujera tana kiran sunanmu. Na bar shayi a kan wuta na ruga, Des ma ya diro daga rumfa da tumbinsa. Muka tsaya a gindin ƙarfen hagu, baya da baya, muna ture mutane. Wani yaro ya durƙusa zai yanka, Des ya ɗaga shi da kwalar riga ya ce, ɗan samari, wannan ubana ne, je ka nemi naka. Muna nan tsaye har 'yan sanda suka watsa jama'a. An kwashe ragar, an kwashe ciyawar tsakiyar fili, amma wurin Baba ko tsinke ba a cire ba. Da muka koma gida Mama ta ce mun yi ƙoƙari, kuma ita ba mai yabon mutum ba ce.

Da safe na ce ta zauna a gida, akwai sanyi. Ta kalle ni kawai. Muka naɗe ta a bargo muka sa ta a keken marasa lafiya, gwangwanin a kan cinyarta, Des yana tafe da shebur a kafaɗa.

Ban taɓa ganin Fold haka ba. Rumfuna wayam, kujeru a ɓalle, ga mutane a jere a kan layin raga da shebur da bokiti da kwalaye, kowa yana magana ƙasa-ƙasa kamar a coci. Kusa da mu akwai tsoho Mista Entwistle, mai gyaran takalma, ya zo ɗaukar matarsa Hilda da ƙaramin cokalin lambu. Ya cire hula ya gaida Mama, ya ce ashe Norman da Hilda maƙwabta ne duk shekarun nan. Mama ta ce to Allah ya sa bai dame ta da surutun ƙwallo ba.

Des ya yanka ciyawar ya naɗe ta gefe. Ya kafa shebur, ya ɗago. Yashi ne, rawaya, mai tsabta kamar na gini. Ya ce ai wannan na sama ne, ya sake kafawa. Yashi. Ni na tsaya a wurin ranar da aka sa Baba, ina riƙe da hannun Mama, kuma na tuna ramin sarai. Baƙar ƙasa ce mai danƙo, har da tana a ciki, tokar ta kwanta a kai fara fat. Des ya cire riga ya ci gaba, gumi yana zubo masa duk da sanyin. Ramin ya kai gwiwa, sai shebur ya fara ƙara a kan tsakuwa. Ya share tsakuwar da hannu, sai ga baƙin bututun roba a kwance, ya miƙe ya bi layin raga.

Na ɗaga kai na duba sauran. Duk sun daina tona. Kowa yana tsaye a kan raminsa, kuma a gefen kowane rami tarin yashi ne rawaya. Mista Entwistle yana durƙushe yana ta tona da cokalinsa, bai lura ba tukuna.

Akwai wani saurayi daga ofis da aka turo ya kula da mu, sanye da kwat, yana riƙe da waya. Mutane suka yi masa ca. Ya ce bai sani ba, bari ya tambaya. Ya koma gefe ya daɗe yana magana, da ya dawo fuskarsa ta canza. Ya ce wai shekarar da aka yi tseren babura, nauyin ƙasar da aka jibge da man injin sun kashe filin gaba ɗaya. Da aka kwashe jar ƙasar sai aka ga babu abin da zai sake tsirowa, shi ne aka ƙwaƙule tsohon filin har zurfin ƙugu, daga raga zuwa raga, aka sa bututu da tsakuwa da yashi, aka shimfiɗa sabuwar ciyawa. Wata mata ta tambaye shi ina aka kai tsohuwar ƙasar. Ya ce wanda ya yi magana da shi yana jin an yi cikon wani titi da ita, ko kuma an zubar a bola, babu wanda ya tabbatar. Mutanen da ke riƙe da ƙungiya a lokacin duk sun tafi. Shi kansa, in ji shi, yana firamare aka yi abin. Des ya ɗaga hannu kamar zai mare shi, sai kuma ya sauke.

Des ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa mu cika gwangwanin da yashi mu rufe, kunnenta ba ya ji sosai, ba ta ji abin da aka ce ba. Ni ma wallahi na so hakan. Ƙarya ce da zan iya ɗauka har kabarina. Muka juyo, sai muka ga ta tura keken da kanta har bakin ramin, ta sunkuya tana kallon bututun.

"Wace shekara ya ce?"

Des ya fara cewa ai Mama waɗannan yaran ba su san komai ba.

"Desmond, ba da kai nake ba. Glenys, wace shekara?"

"Shekarar babura, Mama."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗaga ido ta kalli kujerarta a layi na biyu, wadda ba wanda ya ɓalle don mun roƙa a bar mata. Ta daɗe tana kallonta. Ni na san abin da take lissafawa, Asabar nawa ta zauna a can cikin ruwa da ƙanƙara tana ba yashi labarin gawayi. Ba ta yi kuka ba. Ta rufe gwangwanin, ta ce mu tafi gida, sanyi ya shige ta. Muna fita muka wuce Mista Entwistle, an gaya masa amma ya ƙi ji, yana ta cika kwalinsa da yashi.

Hanyar ba ta da nisa, shan kwana ɗaya ne a bayan rumfa. Da muka iso ƙofa Des ya sunkuya zai ɗaga gaban keken ya hau da shi dandamali, sai ta dafa hannunsa ta ce ya tsaya. Tana kallon dandamalin, fari tas, don ko da ta kwanta ciwo ni take sawa in goge shi kullum. Daga nan idonta ya gangara zuwa magudanar da ke bakin titi.

"Ja suka shigo da ƙasar," in ji ta. "Ja ce, na tuna. Amma wadda ta yi ta zubo mini daga baya baƙa ce."

Na ce Mama mu shiga ciki.

"Ta nan suka wuce da shi, Glenys. Ta ƙofar gidansa. Ya zubo mini har bakin ƙofa, na sa tsintsiya na tura shi kwata, na bi shi da ruwan zafi ina zagi."

Des ya ce haba Mama, fili guda fa aka kwashe, wa ya ce nasa ne ya zubo a nan. Ta ce wa ya ce ba nasa ba ne.

Daga ranar ta daina cin abinci sosai. Ta hana ni goge dandamali. Ta sa aka juya mata gado ya kalli tagar titi, katafila tana cin rumfar Gefen Jirgi a bayanmu, kofuna suna rawa a kan kanta, ita ko waiwaye ba ta yi. Rana ta fara shiga kicin ɗinmu tun da safe, abin da ba mu taɓa gani ba, kuma na tsani hasken nan. Bakinta da ya saba motsi ya tsaya cak, ba ta ƙara ba Baba labarin komai ba. Sau ɗaya ta tambaye ni ina ruwan magudanar yake zuwa. Na ce ina jin kogi, daga nan teku. Ta ce to.

Ana saura kaɗan ta cika, na zauna kusa da ita na daure na tambaye ta inda take so a sa ta. Na ce akwai lambun sabon fili, an dasa furanni, akwai kuma maƙabartar coci kusa da iyayenta. Ta girgiza kai, ta ɗaga yatsa ta nuna taga.

"Ki jira ranar da ake ruwa sosai. Ki zuba ni a nan."

Na ce Mama kwata ce fa, wurin ƙazanta, karnuka suna fitsari a kai. Ta ce ta sani, ai ita ta aika shi can. Na yi kuka na ce ba zan iya ba. Ta ce in yi mata alkawari, kuma ba ta saki hannuna ba sai da na yi.

An buɗe kantin kafin Kirsimeti. Inda ragar take, a nan ake jera kekunan sayayya. Des ya ce in daina wahalar da kaina, ko dai in cika mata alkawari ko in ba shi tulun tokarta ya kai lambun sabon fili, ai ba za ta sani ba. Na ce ya fita mini daga gida. Shi yana zuwa sabon filin, ya ce kujerun suna da daɗi amma shayinsu kamar ruwan wanki.

Tulun yana cikin gwangwanin biskit, a kan mafilar Baba, a kan kanta. A Mossbeck kuwa ruwan sama ba ya wuya. Duk ranar da ya sauko da ƙarfi sai in ɗauko gwangwanin in buɗe ƙofa in tsaya a kan dandamalin, wanda yanzu ya fi na kowa datti a layin. Ina kallon ruwa yana gangarowa da guntun sigari da ledar kanti yana shigewa magudanar. Jiya har na durƙusa na buɗe murfin. Sai wata mota ta wuce ta watso mini ruwa, na rufe, na koma ciki na mayar da Mama kan kantar.